A DAIDAITA SAHU: DARASI A KAN DOKA DA SANA'A A JIHAR KANO

Duk baƙon da ya sauka birnin Kano, abin da zai fara cika masa ido shi ne keken nan rawaya mai ƙafa uku wanda a ke kira A Daidaita Sahu. Shi ke kai yara makaranta, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke ɗauko dilar atamfa daga Kantin Kwari ya kai ta tasha. Galibin masu hawansa sun ɗauka kasuwa ce kurum ta kawo shi. Alhali kuwa umarnin Gwamnati ne ya haifi wannan sana'a, wani umarnin kuma ya raine ta, kuma tun daga sa'an nan ba a rabu da gardama a kanta ba, a majalisun ƙofar gida da gidajen rediyo da bakin sojojin baka na jam'iyyu. Nufin wannan darasi shi ne a bi tarihin abin daki daki, domin mai shiga gardamar ya san wace hukuma ce ke da iko a kan me, kuma ina ne ya kamata a kai kuka.

Asalin keken

Tun daga ƙarshen shekarun 1980, sa'ad da rayuwa ta yi tsada, motocin haya suka yi ƙaranci, babur ya zama abin hawan talaka a Kano. Masu wannan sana'a su ne 'yan acaɓa. Keke mai ƙafa uku kuwa daga ƙasar Indiya a ke kawo shi. Ya fara suna a Ikko zamanin mulkin Buba Marwa, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta yaɗa shi daga 2001 a cikin shirinta na yaƙi da talauci, abin da ya sa a wurare da yawa a ke ce masa Keke Napep.

A Kano sunansa dabam ne, ga kuwa dalili. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta hau mulki a 2003, ta kafa wani shiri na gyaran halayen jama'a mai suna A Daidaita Sahu, watau kalmar da liman ya kan faɗa kafin a ta da salla. A 2005 wannan Gwamnati ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta sa Hisba ta tsare dokar, ta kuma kawo waɗansu ɗaruruwan kekuna domin mata su sami abin hawa. Sunan shirin ya bi keken, ya manne masa har yau, ko da ya ke a hankali maza ma sun shiga hawa. A lura da abu guda a nan: an hana wani abu, amma an ajiye wani a madadinsa.

Abin da ya faru a Janairun 2013

Ranar 19 ga Janairu, 2013, 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin Mai Martaba Sarkin Kano, Alhaji Ado Bayero, wuta a cikin gari. Sarki ya tsira, amma direbansa da waɗansu dogarawansa sun rasu. An daɗe ana lura cewa masu kai hare-hare a wannan zamani su kan zo a kan babur, su tsere a kansa ta lunguna inda mota ba ta shiga. Saboda haka, 'yan kwanaki bayan harin, Gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana sana'ar acaɓa a birni da kewaye.

Ba wanda ya yi musun dalilin tsaro. Amma dubban magidanta da samari sun kwana da sana'a sun tashi ba su da ita. Waɗansu suka koma ƙauyukansu, waɗansu suka ɗauki baburansu suka nufi waɗansu jihohi, mafi yawa kuwa suka nemi keke. Masu hannu da shuni suka ga kasuwa ta buɗe, suka riƙa sayen kekuna suna ba matasa, ko a kan haya ko a kan biya sannu a hankali har keken ya zama na mai tuƙi. Kafin 'yan shekaru sufurin birnin duka ya koma kan ƙafa uku. Wannan shi ne tushen duk rigimar da ta biyo baya, gama birnin da ya dogara ga abin hawa iri ɗaya ya ba masu wannan abin hawa ƙarfi babba, ya kuma sa idon mai neman kuɗin shiga ya faɗa a kansu.

Wa ke da ikon me

A nan ne masu gardama su kan ruɗe, su ɗora wa wannan laifin wancan. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya raba aiki tsakanin hukumomi uku. Sha'anin man fetur, da kuɗin fito na kayan da a ke shigowa da su, da darajar naira, duk na Gwamnatin Tarayya ne. Don haka sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin hawa keke ya tashi, to, wannan ba aikin Gwamnan Kano ba ne, ko wane ne shi. Haka nan tsadar sabon keke da kayan gyaransa, tun da da kuɗin waje a ke sayo su.

Ƙananan Hukumomi kuwa, waɗanda Jihar Kano ke da 44, Tsarin Mulki ya ba su kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, da ba da lasin na kekunan hawa da amalanke da baro, watau abubuwan da ba su da inji. Abin hawa mai inji, da tsarin zirga-zirga a titunan jiha, yana hannun Gwamnatin Jiha. Domin wannan aiki ne aka kafa hukumar KAROTA a 2012. Wata doka ta Tarayya da aka yi a 1998 ta jera irin harajin da kowace hukuma cikin ukun nan za ta karɓa, ta kuma hana a tare hanya domin karɓar haraji. Duk da haka masu sana'a a jihohi da yawa sun daɗe suna kukan cewa a kan karɓi kuɗi a hannunsu sau biyu ko uku a kan abu guda, kowa da irin rasiɗinsa.

Lissafin yini guda

Wanda bai san yadda kuɗin ɗan sahu ke rarrabuwa ba, ba zai gane dalilin da naira ɗari ta tsai da birni ba. Yawancin masu tuƙi ba su ne masu keken ba. Abin da mutum ya samu a yini, sai ya fara fid da kuɗin mai, sa'an nan ya ware abin da zai kai wa mai keke, wanda ƙayyadadde ne, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Bayan wannan akwai kuɗin ƙungiya, da bakanike, da faci, da tara in ya taka doka. Abin da ya ragu shi ne cefane. Duk wani sabon kuɗi da aka ɗora, daga cefanen nan ya ke fita, domin mai keke ba ya ragewa, gidan mai ba ya ragewa.

A cikin Fabrairun 2021, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, aka matsa a kan harajin naira 100 kullum ga kowane keke. A duba lissafin ta fuska biyu. Mutumin da ya fita aiki kwana 300 a shekara zai biya naira 30,000. Gwamnati kuwa, a kowane keke 10,000 za ta sami naira miliyan 1 a yini. Ga mai tuƙi kuɗin buhun hatsi ne, ga baitulmali kuɗin gyaran titi ne, kuma kowanensu yana da gaskiyarsa. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne hanyar biya. An ce a biya ta Remita, domin kuɗin ya shiga asusun Gwamnati kai tsaye, kada ya maƙale a aljihun masu karɓa. Niyyar tana da kyau. Sai dai mutumin da ke fita tun asuba ba shi da lokacin bin layi kullum domin biyan naira ɗari, kuma da an zauna da shi tun farko da ya faɗi haka.

Ranar Litinin 22 ga Fabrairu, 2021, masu kekuna suka ajiye aiki. Ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suka taka sayyada, waɗansu suka hau bayan akori-kura. Bayan 'yan kwanaki aka sasanta. Ba a cika shekara ba, ranar 10 ga Janairu, 2022, aka sake wani yajin aikin a kan naira 8,000 na sabunta takardar izinin aiki, aka sake zama, aka sake sasantawa. Sau biyu ke nan ana yin shawarar da ta kamata a yi a gaba, amma sai bayan kasuwanni sun yi asarar ciniki.

Umarni biyu na 2022

A cikin Yulin 2022 Gwamnati ta hana kekunan aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, saboda ɓarayin waya da sauran miyagu da ke fakewa da su. Wannan umarni bai gamu da turjiya mai yawa ba, domin jama'a sun ga dalilinsa da idonsu, ko da ya ke masu kai mara lafiya asibiti da dare sun sha wuya. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara aka sake ba da wani umarni na hana kekunan bin waɗansu manyan tituna, da nufin manyan motocin safa na Gwamnati su maye gurbinsu. Motocin ba su kai yawan fasinja ba, mutane suka yi cirko-cirko a bakin titi, ba a jima ba aka janye umarnin. Masu lura da siyasa ba su manta ba cewa zaɓen 2023 saura wata uku a lokacin, kuma kowane ɗan sahu yana da ƙuri'a, yana da iyali, yana kuma hira da fasinja tun safe har dare.

Inda a ke kai kuka

Ya kamata a bambanta umarni da doka. Umarnin da Gwamna ko wata hukuma ta bayar ana iya janye shi a yini guda, kamar yadda aka gani. Doka kuwa sai ta bi ta Majalisar Dokokin Jiha, wadda a Kano ke da wakilai 40. A kan karanta ƙuduri sau uku. Bayan karatu na biyu a kan miƙa shi ga kwamiti, kwamiti kuma ya kan kira zaman jin ra'ayin jama'a. In Majalisa ta amince, Gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kuwa, kashi biyu cikin uku na wakilai suna iya tabbatar da dokar ba tare da shi ba. Kuɗin da jiha ta tara kuma, Tsarin Mulki ya ce ba a taɓa shi sai bisa kasafin da Majalisa ta amince da shi, saboda haka mai biyan naira ɗari yana da haƙƙin tambayar wakilinsa inda ta shiga.

Zaman kwamiti shi ne lokacin da maganar ƙungiyar masu sana'a ta fi tasiri, tun ba a buga hatimi ba. Abin da a ke bukata shi ne takarda a rubuce, mai ɗauke da sunan ƙungiya da sa hannun shugabanninta, wadda ta nuna kuɗin da a ke biya a yanzu ɗaya bayan ɗaya, da wanda ke karɓa, tare da kwafin rasiɗai. In kuwa an riga an fara karɓar wani kuɗi, abu na farko da za a tambaya shi ne sunan dokar da ta halatta shi da shekarar da aka kafa ta. Idan ba a sami amsa ba, a kai takardar koke ga wakilin mazaɓa, shi kuma ya gabatar da ita a zauren Majalisa, a miƙa ta ga kwamitin sauraron koke-koken jama'a. Ƙofar kotu ma a buɗe ta ke ga ƙungiyar da ke da rajista.