Kifin Teku a Falon Katsina: Ruwa Ake Fara Kiwo Kafin Kifi

Duk wanda ya taɓa shiga gidan kifaye na Fakieh da ke Jidda ya san abin da ke sa kifin teku mai suna ras shiga ran mutum: kore da shuɗi da ja a jiki ɗaya, ga kuzari. Danginsa, waɗanda masana ke kira Labridae, sun haura nau'i 600, akasarinsu masu cin nama, suna farautar jatan lande, ƙananan ƙaguwa da tsutsotsi a tsakanin duwatsun murjani. Mai son ajiye shi a tankin gilashi a Ƙofar Kwaya ta Katsina ya kamata ya sani tun farko cewa babban aikin shi ne riƙe ruwan a hali ɗaya dare da rana. Wanda ba zai iya wannan ba, kada ya saye shi.

Ras yana buƙatar ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27, alhali a watan Afrilu zafin Katsina kan haura 40. Ruwan gishiri dama bai kai ruwan daɗi riƙe iskar shaƙa ba, kuma yana ƙara ɗumi tana ƙara raguwa, don haka ɗaukewar wuta na 'yan sa'o'i da tsakar bazara ya isa ya kashe kifin. Da hunturu kuma busasshiyar iska ke shanye ruwan ta bar gishirin, sai ya zarce giram 35 a kowace lita da teku ke da shi. Ƙari a kan haka, kifi mai cin nama yana sakin amoniya da yawa, kuma gubarta ta fi ƙarfi a ruwan teku.

Wani zai ce ai ana kiwon tarwaɗa a tankunan roba cikin wannan zafin. Gaskiya ne, amma tarwaɗa tana da gaɓar da take shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa, ras kuwa ba shi da ita. Wani kuma zai ce a zuba gishirin miya a ruwan famfo mana. Gishirin miya ba shi da kalsiyam da magniziyam da sauran sinadaran teku, ruwan famfo kuma yakan zo da kilorin. Mai cewa sola ta raba gardama ya fi kusa da gaskiya, muddin batirinsa zai ɗauki famfon juya ruwa da na'urar sanyaya ruwan har gari ya waye.

Wanda ya cika wannan sharaɗi ya nemi tanki mai aƙalla lita 200 don ƙananan nau'i, ya haɗa tataccen ruwa da gishirin teku na musamman, ya bar tankin yana aiki babu kifi mako 4 zuwa 6 har ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya su zauna. A shimfiɗa lallausan yashi mai kaurin santimita 5 zuwa 8, domin wasu nau'in cikinsa suke nutsewa su kwana, a kuma sa murfi, domin ras gwanin tsalle ne. A ba shi yankakken jatan lande kaɗan-kaɗan sau biyu a rana, ban da naman shanu. Ruwan da ya ƙafe a mayar da shi da ruwan daɗi zalla, sannan a canza kashi 10 cikin ɗari na tankin duk mako ɗaya ko biyu.

Wanda wutarsa ba ta da tabbas ya fara da Hemichromis, jan kifin nan ɗan uwan karfasa mai ɗigo-ɗigon shuɗi. A kogunan Afirka ta Yamma yake rayuwa, shi ma mafarauci ne, ya fi jure zafinmu, kuma ba ya buƙatar gishiri. Wanda ya raya shi ya ƙetare bazara da hunturu lafiya ya koyi sarrafa ruwa, sai ya yi tunanin kifin teku.