Amfanin Alƙalami Ga Mai Koyon Aikin Likita

Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa mu da zancen likitoci, mu da muke koyon aikin malanta? To, ai duk likitan da ka gani, ta hannun malamin makaranta ya biyo. Shi ya sa nake so mu duba wani abu da makarantun likita suka gano, don ya shafi abin da za mu yi da yara a aji.

Karatun likita yana da nauyi iri biyu. Na farko kowa ya san shi, watau yawan littattafai da jarrabawa. Na biyu kuwa ba a cika faɗinsa ba. Saurayi ko budurwa da ba su wuce shekara ashirin ba, sai a kai su gaban gawar mutum a ce su feɗe ta su koyi yadda jiki yake. In sun shiga ɗakin majiyyata, ga yaro yana mutuwa, ga uwarsa tana kuka, kuma ba dama ɗalibi ya nuna abin da ke ransa, don akwai gado na gaba yana jira. A cikin 2016 aka tattara binciken da aka yi a ƙasashe 47, aka sami wajen kashi 27 cikin ɗari na ɗaliban likita suna da alamun ciwon damuwa, wajen kashi 11 kuma sun taɓa tunanin kashe kansu. Mukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, amma tukunyar da aka rufe bakinta bisa wuta ba inda tururi zai fita, ƙarshenta fashewa.

Rubutu yana ɗaya daga cikin ƙofofin da tururin nan ke fita. A wani bincike da aka buga a cikin 1986, wani masani a Amurka, James Pennebaker, ya sa waɗansu 'yan jami'a su zauna minti 15 kowace rana har kwana huɗu, suna rubuta abin da ya fi ɓata musu rai a duniya. Waɗansu kuma aka ba su abubuwan yau da kullum su rubuta. Da aka bi sawu watanni bayan haka, waɗanda suka rubuta abin da ya faru duk da yadda suka ji a zuci sun fi sauran ƙarancin zuwa asibiti.

Wata likita a Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York, Rita Charon, ta kawo wata dabara da na fi so duka. Kun san kowane majiyyaci yana da katinsa, inda ake rubuta zafin jiki da bugun jini da maganin da aka ba shi. Sai ta ce wa ɗalibanta kowa ya riƙe kati na biyu, nasa na kansa, ya rubuta da magana irin ta kowa abin da ba shi da gurbi a na farko: cewa tsohon nan ya tuna masa da kakansa, ko ya ji tsoro sa'ad da zai shiga ɗakin, ko ya ji haushin mutumin da ya ƙi shan magani. Sa'an nan su taru su karanta wa juna. Nan ɗalibi ke gane ashe ba shi kaɗai ke ɗauke da wannan kaya ba. Ga wata riba kuma: wanda ya saba tsara labari yakan iya sauraron labari, kuma sau da yawa daga bakin majiyyaci likita ke fara gane cutar. A cikin 2000 aka kafa wa wannan hanya shiri na musamman a jami'ar.

Zane ma haka. Santiago Ramon y Cajal, mutumin Sifen, tun yana yaro mai zane yake so ya zama, ubansa ya tura shi likitanci. Da hannun nan nasa ya zana ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa yadda ya gan su a madubin likita, ya sami lambar Nobel a 1906. A Jami'ar Yale kuwa, wani likitan fata, Irwin Braverman, ya riƙa kai ɗalibai gidan ajiyar zane-zane, su tsaya gaban hoto guda su bayyana duk abin da suka gani kafin su ce ga ma'anarsa. Rahoton da aka buga a 2001 ya nuna idonsu ya ƙara kaifi wajen duban hotunan majiyyata.

Abin ba sabo ba ne. Anton Chekhov na Rasha da gajerun labarai ya ciyar da gidansu yana ɗalibin likita, har ya gama a 1884. A nan Nijeriya, Anezi Okoro, wanda ya rubuta One Week, One Trouble, likitan fata ne.

Sai dai a kula da abu biyu. Rubutu ba ya maye gurbin magani. Wanda damuwa ta kama sosai, lalle ya ga likita. Kuma asirin majiyyaci amana ne, ba a sa sunansa ko abin da zai sa a gane shi.

To, ina namu a ciki? Mu ne mukan ce wa yaro mai ƙoƙarin lissafi da kimiyya ya bar ɓata lokaci wajen zane da waƙa da insha'i. Ni a ganina mun ƙwace masa abin da zai nema wata rana bai samu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka in kun fita gwajin koyarwa, ku jarraba wannan: sau ɗaya a mako ku ba yara minti 15, kowa ya rubuta wani abu da ya gani da idonsa da yadda ya ji, ko ku ajiye ganye a gabansu su zana shi jijiya-jijiya. Kada ku ba da maki, kada ku tilasta wa kowa ya karanta nasa a fili. Wanda ya so ya karanta, sauran su yi shiru su saurara har ya gama.