CIWON SUKARI A JIKIN KARE: YADDA AKE KULA DA SHI DA ALLURAR INSULIN

Mutane da yawa ba su san kare ma yana yin ciwon sukari ba. Yana yi kuwa, kuma in ya kama shi, da wuya ya rabu da shi muddin ransa. An shirya wannan darasi ne domin mutumin da likitan dabbobi ya shaida masa kwanan nan cewa karensa yana da wannan ciwo, ya koma gida riƙe da 'yar kwalba da sirinji, bai san ta inda zai soma ba. Za mu ɗauki misalanmu daga Azare da ƙasar Katagum ta Jihar Bauchi, inda mafarauta da makiyaya da masu gadi suke ajiye karnuka, inda kuma zafin bazara yakan wuce digiri 40. 

ASALIN CIWON

A cikin kare, kamar na mutum, akwai wata tsoka mai laushi a kwance jikin tumbi da farkon hanji, likitoci suna kiranta fankiriyas. Ita ke fid da wani sinadari mai suna insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da sukarin abinci daga jini zuwa cikin naman jiki. In tsokar nan ta gaza, sai sukari ya taru cikin jini, ya malala cikin fitsari, ya ja ruwan jiki ya tafi da shi, alhali kuwa naman jiki yana fama da yunwa.

Ta jikin kare ne ma duniya ta gane wannan. A 1889 wasu masana biyu a birnin Strasbourg, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare wannan tsoka, sai ciwon sukari ya bayyana gare shi. A 1921 kuma Banting da Best suka tatso insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, suka jarraba shi a kan karnuka, sa'an nan a watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, ya farfaɗo. Watau maganin da yau ake yi wa kare, da kakanninsa aka gano shi.

Alamun farko huɗu ne: yawan shan ruwa, yawan fitsari, ci kamar ba ya ƙoshi, da rama duk da cin. Wani mai kare yakan lura kiyashi suna taruwa inda ya yi fitsari. Lafiyayyen kare mai nauyin kilo 20 yakan sha wajen lita guda ko sama kaɗan a yini. In ya wuce lita 2 kullum, ba don zafi ko gudu ba, akwai magana. Amma kada a yanke hukunci da ido. A karkararmu tsutsar ciki da cutar kaska da sammore sun fi ramar da kare sau da yawa, ciwon ƙoda da ruɓar mahaifa su ma suna sa ƙishirwa. Sai an auna jini da fitsari. Sukarin lafiyayyen kare yana tsakanin 80 da 120 a na'urar awo, kuma ba ya fita cikin fitsari sai ya kai wajen 180 ko fiye.

Ciwon ya fi kama kare mai shekara 7 zuwa sama, ya fi kuma kama karya. Dalili kuwa, wajen wata biyu bayan kowane lokacin barbara jikinta yana fid da sinadaran da ke dushe ƙarfin insulin. Saboda haka likita zai ba da shawarar a yi mata aiki a cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa da zarar ta ɗan murmure. Mafarauci mai son iri zai ji wannan da nauyi, amma in ba a yi ba, duk zagayowar barbara sai awon allura ya rikice, ciki kuwa yana iya halaka ta.

ALLURA

A nan ne kare ya sha bamban da mutum. Mutane da dama masu ciwon sukari ƙwaya ce ke riƙe da su, kare kuwa ƙwayoyin nan ba sa yi masa aiki. Haka nan shuwaka da zogale da sauran ɗaci ba sa maye gurbin abin da jikinsa ya daina yi. Insulin yake bukata, galibi sau biyu a yini, tsakaninsu awa 12, kullum, ba ranar kasuwa ba ranar Salla.

Likita ne kaɗai zai yanka yawan da za a yi. Yakan soma da kaɗan, kamar rubu'in yunit zuwa rabin yunit ga kowane kilo na nauyin kare, ya jira kwana 7 zuwa 14 kafin ya ƙara ko ya rage. Kada mai kare ya ƙosa cikin wannan jira ya ƙara da kansa don ya ga ƙishirwa ba ta tafi ba.

Ga wani kuskure da ke kashe karnuka, a karanta shi sau biyu. Insulin ba iri ɗaya ba ne wajen ƙarfi. Wanda aka yi musamman don karnuka, kamar Caninsulin, an rubuta U-40 a jikinsa, watau yunit 40 cikin mililita guda. Daga alade ake samo shi, domin insulin na alade da na kare siffarsu ɗaya. Na mutane kuwa, wanda ya fi samuwa a kantunan magani, galibi U-100 ne, kuma irinsa mai kama da tsinkakkiyar madara yana yi wa kare aiki sarai. Kowanne da sirinjinsa. In aka zuƙi U-100 da sirinjin U-40 har zuwa lamba 8, ba yunit 8 aka ɗiba ba, 20 ne, ninki biyu da rabi. In aka yi akasin haka, kare zai sami 3 da 'yan kai maimakon 8. Duk ranar da za a sayi sabuwar kwalba ko sabon sirinji, a tafi da tsohon a gwada rubutun.

Kafin a ɗiba, a gauraya maganin yadda takardar kwalbar ta ce: na mutane mirgina shi ake yi a tafin hannu, ba a jijjiga shi. A kama fatar gefen ƙirji ko ta kwiɓi da yatsu biyu, a ɗaga ta, a soka allura ƙarƙashin fata, ba cikin tsoka ba. Yau dama, gobe hagu, don kada wurin ya yi kanta. Bakin allurar siriri ne ƙwarai, yawancin karnuka ba sa ko waiwayowa. Mai cizo kuwa a sa masa takunkumi. In kare ya zabura aka ga gashi ya jiƙe, ba a san ko maganin ya shiga ba, kada a sake. A jira lokaci na gaba. Tsallake allura ɗaya ba ya kisa, ninka ta kuwa yana yi.

ABINCI

Karen gidajenmu ya saba da abin da ya samu: ƙanzo yau, sauran tuwo gobe, jibi ya bi juji. Wannan rayuwa ta ƙare. A raba abincinsa kashi biyu daidai, a auna da kwano guda, a ba shi safe da yamma a lokaci guda, in ya ci sa'an nan a yi allura. Agogo ya fi salla zama ma'auni, domin lokutan salla suna motsawa da shekara. Bakwai na safe da bakwai na yamma ya yi wa yawancin gidaje.

Ba lalle ne a sayi abincin gwangwani ba. Tuwon dawa ko na gero wanda ba a surfe shi tas ba, da dafaffen wake, da ganye, da kifi ko nama marar kitse, sun isa, muddin yau da gobe iri ɗaya ne. A hana shi kunu mai sukari, da burodi, da ragowar shayi. A kula da Babbar Salla musamman, lokacin da kitsen layya ya yawaita a kowane gida, domin kitse yana kumbura tsokar nan da ta riga ta raunana. Ruwa kuwa kada a taɓa rage masa don gudun fitsari.

A tambayi likita tun ranar farko abin da za a yi in kare ya ƙi ci. Yawanci sukan ce a yi rabin allura. In ya ƙi ci sau biyu a jere, ko yana amai, ko ya kwanta laƙwas, to jininsa yana iya zama ya soma gurɓata, sai asibiti a ranar.

KWALBA DA ZAFIN RANA

Insulin yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. In ya daskare ya lalace, in ya sha rana ya lalace, kuma sau da yawa ido ba ya gane lalataccen. Mai firiji ya ajiye shi nesa da ɓangaren ƙanƙara. Wanda wutar lantarki ba ta zauna masa, ya nemi tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, ya sa ƙaramar cikin babbar, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa shi safe da yamma, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye a inuwa inda iska ke bi. Wannan ita ce dabarar da Mohammed Bah Abba, malami daga Jihar Jigawa, ya yaɗa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ba ta kai firiji ba, ta fi kuma aiki da rani bisa damina, amma ta fi aljihu da kan taga nesa ba kusa ba. A sa kwalbar cikin roba mai murfi don kada rubutun ya jiƙe, a rubuta ranar da aka buɗe ta, a yar da ita in wa'adin da ke takardarta ya cika, galibi wata guda ko mako shida.

Mutumin garin Katagum da ya zo Azare saye yana da tafiyar wajen kilomita 70 a gabansa. Ya naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya riƙe ta a jikinsa ta gefen inuwa, kada ya jefa ta bayan mota ko ƙarƙashin kujerar babur.

IN SUKARI YA FAƊI

Yawan sukari a hankali yake cin kare, cikin makonni. Ƙarancinsa kuwa cikin awa guda yake iya gamawa da shi. Yakan faru in allura ta yi yawa, ko kare bai ci ba, ko ya amayar, ko ya yi gudun da bai saba ba. Don haka karen da ke kan insulin ya bar fita farautar yini. Tafiya madaidaiciya kullum ita ce tasa.

Alamunsa su ne rauni, da rawar jiki, da tangaɗi kamar mai maye, da kallon da ba ya gane mai shi, daga nan sai farfaɗiya. In yana iya haɗiya, a ba shi abinci nan take. In ba ya iyawa, a shafa masa zuma ko sukarin da aka dama da kauri a dasashi, kamar cokali guda, da bayan cokali ba da yatsa ba. Kada a ɗura masa ruwa, zai shaƙe. In ya farfaɗo a ciyar da shi, kada a sake allura sai an ji daga likita.

Akwai wani haɗari kuma a nan. Kare mai tangaɗi yana dalalar da yawu, a unguwa mahaukaci za a ce da shi, samari su fito da sanduna, kuma ba za a ga laifinsu ba, domin ciwon haukan kare gaskiya ne, yana kashe mutane. Saboda haka a yi masa allurar riga-kafin hauka kowace shekara, wadda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos take cikin masu yin ta, a adana takardar shaida, a sanar da maƙwabta da mai unguwa halin da yake ciki, kada kuma a bar shi yana yawo. Yara ma su san inda zumar take.

LITTAFIN GIDA

A sami ɗan littafi a riƙa rubuta lokacin allura, da yawanta, da abin da ya ci, da ruwan da ya sha, da nauyinsa sau ɗaya a mako biyu. Wannan ya fi wa likita amfani bisa awon jini guda da aka yi wa kare yana firgice a asibiti. Ba a neman sukarinsa ya koma na lafiyayye. In yana zama tsakanin 100 da 250, ƙishirwa ta ragu, jiki ya dawo, bukata ta biya. Na'urar awo ta mutane takan nuna ƙasa da gaskiya a jinin kare, a gaya wa likita irin wadda ake amfani da ita. Kada kuma a bar mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ya yi masa allurar deksametason ko ta hana ɗaukar ciki, duka suna tayar da sukari. In ciwon ya ƙi daidaituwa, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Maiduguri da Jos.

Yana da kyau mai kare ya sani tun yanzu cewa yawancinsu yana takan rufe musu ido cikin shekara guda ko ɗaya da rabi, ko da an kula da su. Makahon kare yana rayuwa lafiya a gidan da ya sani, da hanci da kunne, yana ma yin haushin gadi, in dai ba a sauya masa wurin kwano da makwanci.

Maganar kuɗi kuma a yi ta da likita baki da baki kafin a soma, domin hidima ce ta kowane wata. Kada a taɓa insulin na wani majinyaci a gida saboda kare. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya faɗa wa likita a nemi mafita, kada ya kai dabbar bayan gari ya yar. Alluran da aka gama da su kuwa a tara cikin gwangwani mai murfi inda yara ba sa kaiwa, in ya cika a kai asibitin dabbobi a ƙone.