Karce a jikin mota: san abin da kake gogewa kafin ka ɗauki tsumma

Wanda duk ke tuƙi cikin cunkoson Kano ko Kaduna ya san wannan ɓacin rai: ka fito daga mota ka tarar da dogon layi ruwan ɗorawa a ƙofar baya, shaidar cewa wani mai adaidaita sahu ya matse ta gefenka ya wuce. Nan take masu shawara za su kewaye ka. Wannan ya ce a sa fetur, wancan ya ce man birki, wani ya ce a kai wa mai fenti kawai a huta. Ra'ayina shi ne yawancin ɓarnar da ake gani a jikin motoci ba daga karcen take zuwa ba, daga gaggawar gyara shi take zuwa. Babu wani mai ko sinadari da ke ɗinke karce. Abin da ake kira cire karce, a zahiri, rage kaurin fentin da ke kewaye da shi ne har ya yi daidai da zurfinsa. Fentin kuwa ba ya tsirowa kamar gashi, abin da aka goge ya tafi ke nan.

Don a gane nauyin wannan magana sai an san yadda fentin yake. Motocin da aka ƙera daga shekarun 1980 zuwa yau galibi shafi huɗu ne a jikinsu. A kan ƙarfen akwai shafin hana tsatsa, sai faraima mai ruwan toka, sai launin motar, sannan a can sama wani shafi garai-garai marar launi da masu fenti ke kira kiliya, wanda shi ne ke ba da sheƙi, shi ke kuma tare illar hasken rana. Dukkansu a haɗe kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wato fentin mota gaba ɗayansa bai fi kaurin takardar rubutu da wani abin kirki ba. Shi kiliya, wanda a kansa ake duk aikin gugar, tsakanin maikiron 35 ne zuwa 50, bai kai kaurin silin gashin kai ba. Shi ya sa ƙwararru ke gargaɗin kada a cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasa a tsawon rayuwar motar. Idan ya yi siriri, rana ce za ta ƙarasa shi, kuma kowa ya ga sakamakon a titi: rufin mota da bonet sun yi fari fat suna saɓa kamar fatar maciji.

Saboda haka aikin farko bincike ne. A wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulun mota, domin ƙwayar yashi ɗaya a cikin tsumma ta isa ta haifar da karce goma. Idan ya bushe, ka bi ta kan tabon da farcenka a hankali. In ka ji abin ya ɗan taso sama da jikin motar, kuma launinsa ba na motarka ba ne, to ka yi sa'a: fentin abin da ya goge ka ne ya manne, naka na nan lafiya a ƙarƙashi. In kuwa rami ne, sai ka zuba masa ruwa ka duba. Karcen da ya ɓace yayin da yake jiƙe, ya dawo bayan ya bushe, a cikin kiliya ya tsaya, kuma hannu zai iya masa. Amma in farce ya maƙale a ciki, ko ka hango ruwan toka, ko ƙyallin ƙarfe, ko baƙar robar bamba, to ya ratsa launin, kuma ko kwana za a yi ana guga ba za ta mayar da launin da babu shi ba.

Ga mannen fenti da karce marar zurfi, ƙa'idar ita ce a fara da abu mafi taushi, kada a hau mataki na gaba sai na farko ya gaza. A kai motar inuwa, a bari jikinta ya huce, domin baƙar mota da ta wuni a ranar bazara jikinta na haura digiri 60, man guga kuma bushewa yake nan take a kan ƙarfe mai zafi ya bar dabbare-dabbare. A sami man folish mai laushi da tsumman maikirofaiba mai tsabta, a ɗiga kamar girman ƙwayar gyaɗa, a goga wuri kaɗan da bai fi tafin hannu ba, da matsakaicin ƙarfi, na kamar rabin minti. A share, a duba da fitilar waya daga gefe, don hasken gefe ne ke tona karce. In ya ragu a maimaita sau biyu ko uku. In bai motsa ba, sai a koma ga kwamfawun, irin su T-Cut ko Farécla G3 ko na Meguiar's, waɗanda ƙwayoyinsu suka fi kaifi, sannan a bi bayansa da folish don a kawar da dusashewar da yake bari. A yi hattara da bakin ƙofa da duk inda jikin motar ya yi tudu, nan ne fenti ya fi siriri. A riƙa kuma duba tsumman. In launin motarka ya fara fitowa a jikinsa, ko dai ka huda kiliya, ko kuma motar na cikin masu fenti shafi ɗaya, kamar wasu fararen Toyota masu lambar launi 040. Ko wanne ne, a tsaya haka. Daga ƙarshe a shafa waks, domin guga na tafiya da duk kariyar da ke wurin.

Wani zai ce ai da idonsa ya ga fetur ya ɗauke mannen fenti cikin daƙiƙa, me ya sa za a wahala? Gaskiya ne yana ɗaukewa, kuma ɗigo kaɗan a tsumma da aka wanke nan take ba lallai ya cutar da fentin kamfani ba. Matsalar ita ce da yawa daga motocin da ke hannunmu na hannu ne, kuma wani ɓangaren jikinsu an taɓa sake masa fenti ba tare da mai motar ya sani ba. Irin wannan fentin bai gasu kamar na kamfani ba, mai narkarwa na iya dusashe shi ko ya tausasa shi. Tina ta fi fetur haɗari nesa ba kusa ba, aikinta ke nan, narkar da fenti. Man birki kuwa ko kusa kada a bari ya taɓa jikin mota, domin sinadarin da ke cikinsa na kumbura fenti har ya ɗaye. Man goge baki ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, yana da ƙwayoyin guga masu laushi, amma ba a auna su don fenti ba, kuma abin da yake iyawa bai wuce ɗan dishi-dishi ba. Shafa man inji ko man girki cika ramin kawai yake yi ya yaudari ido, wanki ɗaya ya dawo da karcen.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma na yarda tana da gindi: mutum ya goga, karcen ya ragu amma in an matso ana ganin sawunsa, me zai hana a sa samfefa da inji a shafe shi ƙaf, ko a fesa wa ƙofar sabon fenti? Ƙwararru na amfani da samfefa mai lamba 2000 ko 3000 da ruwa, amma suna yi ne bayan sun auna kaurin fentin da na'ura, sun san abin da ya rage. Wanda ba shi da ma'auni caca yake yi, kuma injin guga mai juyawa a hannun ɗan koyo na iya ƙone fenti cikin ƙiftawar ido. Sake fenti kuma ba ƙaramar asara ba ce. A masana'anta ana gasa fenti a zafin da ya kai wajen digiri 140 a ɗakin da ƙura ba ta shiga, abin da ba zai yiwu ba a garejin bakin titi, inda iska ke kawo yashi kan ɗanyen fenti. Launin azurfa da masu ƙyalli na da wuyar dacewa, ƙofar sai ta fita daban a rana. Dillalan mota ma sun san wannan, shi ya sa motar da suke kira fas bodi, wadda ba a taɓa fentinta ba, ta fi daraja a kasuwa. Karcen da ba a gani sai an sunkuya ya fi ƙofar da kowa zai gane an fesa.

Inda jinkiri ke da illa shi ne karcen da ya kai ƙarfe, musamman in damina ta gabato, domin tsatsa na shiga ta ƙarƙashin fenti tana ci ba a gani. Lambar launin motar na rubuce a takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba a yawancin motoci. A sa a haɗa ɗan kaɗan na wannan launin, a ɗiga cikin ramin da tsinken sakace, siriri-siriri, a bari kowane shafi ya bushe kafin a ƙara.

Su kuwa ƙananan zane-zanen nan masu kama da saƙar gizo da ke bayyana a rana, ba mai adaidaita ne ya yi su ba. Ƙurar hunturu na ɗauke da ɓarɓashin yashi da ya fi fenti tauri, kuma duk safiyar da aka share mota da busasshen tsumma, samfefa aka bi ta da ita. Mai karatu, ka hana a taɓa motarka a bushe, ka sa a fara kwara mata ruwa, a ware bokiti ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, soson da ya wanke taya kuma kada ya hau jikin mota.