Tsohuwar Mota da Zafin Bazara: Abin da Za Ka Iya Yi da Hannunka

Daga Maris zuwa Mayu, in ka bi hanyar Kano zuwa Zariya, da wuya ka rasa mota a gefen titi an ɗage bonet, tururi na tashi, mai ita na yawon neman ruwa da jarka. Galibi tsofaffi ne: Golf 3, Carina E, Peugeot 406, waɗanda suka shigo ta Kwatano bayan sun gama bauta a Turai. Golf 3 tun 1991 aka fara ƙera ta. Zafi na cikin abubuwan da ke kashe injin irin waɗannan motoci, kuma rabin maganinsa yana hannunka, a ƙofar gida, da sassafe.

Kafin ka tayar da mota, inji na sanyi, buɗe murfin lagireto ka leƙa. A Golf murfin yana kan tankin roba ne. In ruwan ya yi ja kamar na kududdufi, tsatsa ta fara cin ciki. Ka san farin abin nan da ke daskarewa a gindin butar shayi? Haka ruwan rijiya da na burtsatse ke yi a siraran bututun lagireto, har ya toshe su. Saboda haka ka sayi ruwan sanyaya inji, wanda ake kira kulan. In mai ƙarfi ne ka gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa. In an riga an gauraya, haka za ka zuba. Duk shekara biyu ka kwance tiyon ƙasa, ka tsiyaye tsohon, ka ɗauraye har ruwa ya fito fari. Tsohon kuwa ka tare shi a roba, domin yana da zaƙi kuma guba ne ga yara da awaki da kaji.

Murfin kansa kada ka raina shi. Robar da sifirin da ke cikinsa su ke riƙe matsi, shi ya sa ruwan ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Da robar ta tsage, ruwa zai riƙa ƙonewa ba ka ga inda yake zuba ba. Canja shi, ba shi da tsada. Matsa tiyo da hannu: wanda ya yi laushi tiɓis, ko ya bushe yana tsagewa, ya gama aiki. Danna fambel da babban yatsa. In ya lotsa fiye da santimita ɗaya, ƙara ɗaure shi. Ƙurar hunturu da ta cika fuskar lagireto kuwa ka wanke ta a hankali daga ɓangaren inji zuwa waje.

Akwai al'adar da nake roƙon a bari. Mota ta fara zafi, sai a ce maka a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a kuma haɗa fanka kai-tsaye. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma tamostat ke kai shi can da sauri ya tsayar da shi. In babu shi, inji ya daɗe yana sanyi, ya sha fetur da yawa, ya ci kansa a hankali, ainihin ciwon kuma yana nan a ɓoye. Kana iya gwada tamostat ɗin a kicin: jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta. Lafiyayye zai buɗe baki kafin ruwan ya tafasa. Wanda ya ƙi buɗewa sai a sa sabo. Haka nan a bar fasa ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto don toshe yoyo: zai kai ka gida, ya kuma toshe inda ba ka nufa ba.

In allurar zafin inji ta doshi ja kana tafiya, kashe AC, sauka gefe, kashe inji, ka jira aƙalla minti 30. Na taɓa ganin wani bawan Allah ya naɗe hannu da tsumma ya murɗe murfi nan take. Ruwan ya yi tsiri ya saɓule masa fata daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, kansa na iya lanƙwashewa.

Iyakarka ita ce gasket. In ka zaro sandar auna baƙin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi na fita ta salansa ba ƙaƙƙautawa, ko ruwan lagireto na kumfa inji na aiki, alamar gasket ta lalace ke nan, kada ka sake murɗa makulli. Kira bakanikenka, a ja motar zuwa gareji.