Kumburin wuya ga yara: wanne ne abin tsoro?

Iyaye maza da mata, ba duka kumburin wuya ne ciwo ɗaya ba. Mafi yawansa kaluluwa ce. Tana tasowa idan yaro yana da miki a ka, ko ciwon kunne, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko ciwon maƙogwaro. Girmanta kamar ƙwayar wake, tana ciwo, tana motsi ƙarƙashin yatsa. In an yi maganin mikin, ita ma sai ta saɓe cikin mako 2 ko 3.

Wadda ba ta ciwo ita ce ake rainawa, alhali kuwa ita ta fi bukatar likita. Idan kaluluwa ta kai girman dabino, ta yi tauri, ta wuce mako 2 tana ƙaruwa, yaro yana rama, yana zufa da dare, to ana zaton tarin fuka. Ƙwayar wannan cuta takan zauna a wuya ko da yaro ba ya tari. Yakan ɗauka daga babban mutum mai tari a gida, ko daga ɗanyar madarar saniya marar lafiya. Saboda haka makiyayan Abalak da Cintabaraden, a tafasa madara kafin a ba yara. Maganin tarin fuka kyauta ne, ana shan sa wata 6.

Maƙoƙo kuwa a gaban wuya yake. A ba yaro ruwa a duba: in ya haɗiye, kumburin yana hawa yana sauka. Rashin sinadarin iyod ke kawo shi. A sayi gishiri mai iyod, a rufe shi, a kau da shi daga rana.

Akwai wanda ba ya jiran gobe. Wuya ya kumbura gaba ɗaya, ga zazzaɓi, ga farin yaɗi a maƙogwaro, numfashi yana wuya: alamun mashaƙo ke nan, cutar da ta ɓulla a Nijar a 2023. A kai yaro asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a yi sakiya. Aska ba ta kai wa ga tushen ciwon, sai dai ta bar gyambo mai zubar da mugunya. A riƙe ranar da aka fara ganin kumburin, domin ita malamin asibiti zai fara tambaya. In abin ya fi ƙarfin asibitin ƙauye, zai ba da takarda zuwa babban asibitin Tawa.