Amsoshin Wasiƙu: Kawar da Kai ga Mai Cin Dukiyar Jama'a

Wasiƙar farko a shirin na yau ta fito daga wani malamin makaranta a Rogo, wanda yake son sanin dalilin da ya sa mutanen da ba sa yafe wa mai tauye mudu ko mai algus a kasuwa, su ne kuma suke yi wa wanda ya karkatar da takin gwamnati kallon mai sa'a.

Al'ada ba ta koya wa kowa son ɓarna, sai dai ita ce take shata iyakar waɗanda mutum yake jin nauyin haƙƙinsu. Masanin siyasa Peter Ekeh ya yi bayani a 1975 cewa mulkin mallaka ya bar wa Afirka fagen jama'a iri biyu, wato na dangi da gari, inda cin amana abin kunya ne, da kuma na hukuma, wanda ake ɗaukar dukiyarsa tamkar ba ta da mai ita. A ƙasar Hausa kuwa, kara da kawaici, wato danne magana don ganin girman wani, sukan rufe bakin wanda ya ga ɓarna, musamman idan mai yin ta babba ne ko suruki. Amma bai dace a ɗora wa Turawa laifin duka ba, domin tun kafin zuwansu Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki gaisuwar da ake kai wa masu mulki a littafinsa Kitabul Farƙi.

Wata baiwar Allah daga Karaye kuma tana tambaya ko halin ya riga ya bi jini. Raymond Fisman da Edward Miguel sun wallafa nazari a 2007 kan jakadun ƙasashe a Majalisar Ɗinkin Duniya da ke birnin New York, waɗanda rigar kariya ta hana a hukunta su idan sun ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba. Jakadun ƙasashen da cin hanci ya yi wa katutu sun fi kowa tara tarar da ba su biya ba, amma da aka fara ƙwace lambar mota a 2002, laifin ya ragu da kusan kashi 98 cikin 100, wato hukunci na iya sauya hali.

Jihar Kano tana da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci, sai dai a gari kamar Karaye mai kai ƙara ya san gobe zai haɗu da wanda ya kai ƙarar a masallaci ko wurin ɗaurin aure, shi ya sa galibi ake cewa a bar wa Allah.